An ba ni kwas ɗin jiyoloji na 'yan aji ɗaya, ta ina zan fara?

"Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni sabon lakcara ne a nan Sakkwato, ban daɗe da gama digiri na biyu ba sai ga shi shugaban sashe ya miƙa min kwas ɗin gabatarwa na jiyoloji na 'yan aji ɗaya. Ɗaliban sun haura 300, wasu namu ne wasu daga wasu sassa suke zuwa ɗauka, lab ɗinmu babu wasu samfuran duwatsu na kirki, kuma an ce min kar ma in sa rai da fita daji saboda rashin kuɗi da matsalar tsaro. Dan Allah ta ina zan fara, mi ya kamata in koyar, mi zan bari?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a wanga aiki da anka ɗora maka. In na fahimce ka abu uku ke damunka, yawan ɗalibai, rashin kayan aiki, da rashin hanyar fita fili, sannan a ƙarƙashinsu akwai babbar tambayar wato mi za ka cusa cikin samista ɗaya. Toh tun daga farko bari in gaya maka matsayata, wanga kwas ba a koyar da shi da baki da allo kaɗai, dole kowane ɗalibi ya riƙe dutse a hannunsa tun makon farko, kuma dutsen da ya fi dacewa ya fara riƙewa shi ne na ƙasar da yake takawa kullum. Duk sauran bayanin da zan yi maka hanyoyi ne na yadda hakan zai yiwu da ɗalibi 300 da aljihu babu nauyi.

Ka fara sanin su wa ke zaune gabanka. Ba a koyar da jiyoloji a sakandare, ɗan abin da sunka sani na duwatsu daga darasin jogirafi ne, shi ma ba kowa ya yi shi ba. Da yawansu likitanci ko harhaɗa magani sunka cike a JAMB, maki bai kai ba anka turo su wajenku, sun zo ransu a ɓace, wasu ma lissafinsu shi ne su lallaɓa shekara ɗaya su canza sashe. Ga kuma 'yan aikin gona da 'yan jogirafi da 'yan ilimi waɗanda wanga kwas shi ne farko shi ne ƙarshen haɗuwarsu da fannin. Kenan aiki biyu ne a wuyanka, ka kafa wa naku tubalin da za su ɗora aji biyu a kai, su kuma baƙin ka sallame su da abin da zai amfane su ranar da sunka zama shugaban ƙaramar hukuma ko malamin gona ko mai gida da zai biya kuɗin haƙa bohol. Wallahi na fi damuwa da rukuni na biyun nan, don su ne mafi yawa kuma su ne aka fi mantawa da su.

Arzikin da ke ƙarƙashin ƙafarka

Ka ce lab ɗinku babu samfura, na yarda, amma ka sani Allah ya ajiye ka a ɗaya daga cikin wuraren da sunka fi sauƙin koyar da duwatsun shimfiɗa, wato waɗanda yashi da laka sunka kwanta kashi-kashi sunka daskare, a Najeriya gaba ɗaya. Kwarin Sakkwato ɓangaren kudu maso gabas ne na babban kwarin Iullemmeden wanda ya ratsa Nijar da Mali har ya taɓa Benin da Aljeriya, kuma duwatsunsa ba su sha lanƙwasa da karairaya ba, suna nan kwance yadda anka shimfiɗa su sai ɗan karkata kaɗan zuwa arewa maso yamma. Ka ɗauka tabarmi ne anka jera ɗaya kan ɗaya, kowace an ɗan ja ta gaba ta bar bakin ta ƙasa a waje, shi ya sa in ka taso daga wajen Gusau ka nufo Sakkwato ka wuce yamma, kana tafiya ne daga tsohon dutse zuwa sabo ba tare da ka haƙa komai ba.

A can ƙasa akwai tsohon dutsen gindi, giranayit da nais da shist irin na Zamfara, wanda babban motsin ƙasa na kimanin shekara miliyan 600 da sunka wuce ya dafa ya murɗe, dutsen Kwatarkwashi da kowa ke gani a hanyar Funtuwa daga cikinsu yake. A kansa sai shimfiɗar Gundumi da ta Illo, tsakuwa da yashi da yumɓu na koguna da tafkuna. Sai rukunin Rima, wato Taloka, Dukamaje da Wurno, na ƙarshen zamanin Kiretashiyos. Sai rukunin Sakkwato, Dange, Kalambaina da Gamba, na zamanin Faliyosin, tsakanin shekara miliyan 66 zuwa 56 da sunka wuce. Sai Gwandu ta rufe sama. Ka dubi sunayen nan da kyau, ɗalibinka ɗan Wurno ko ɗan Dange ko ɗan Gwandu zai ji sunan garinsu a cikin darasin kimiyya, kuma ba kai ka ƙirƙira don ka faranta masa ba, haka masana duniya ke kiransu, Farfesa Kogbe, masanin jiyolojin da ya yi bincike a wanga kwari, da waɗanda sunka gabace shi da waɗanda sunka biyo baya duk da waɗanga sunaye sunka yi rubutu.

Abin da ya fi kama hankalin yara a iya sanina shi ne batun teku. Ka gaya musu cewa inda suke zaune suna fifita saboda zafin Afrilu, ruwan teku ya taɓa rufe shi, ba sau ɗaya ba ma, wani siririn teku ne da ya ratso Sahara daga arewa. Ba za su yarda ba, kuma daidai ne kar su yarda sai sun gani. Sai ka miƙa musu gutsuren dutsen Kalambaina mai ɗauke da ɓawon katantanwar teku a jikinsa, ko haƙorin kifi daga lakar Dange, ka ce to ku gaya min yadda wanga abu ya zo nan, ka yi shiru ka bar su su yi gardama. A shimfiɗar Dukamaje an tono ƙasusuwan wani ƙaton dabbar teku mai jan ciki wanda masu bincike daga Italiya sunka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972 saboda yankin Goronyo, an kuma samu wani nau'in kada na da can da ake kira Sokotosuchus. Kuma dutsen nan na Kalambaina shi ne dalilin da ya sa anka kafa kamfanin siminti a 1962 ya fara aiki a 1967, wanda yanzu yake ƙarƙashin BUA, kenan ɗakin lakcar da suke ciki ma da ragowar halittun tekun nan anka gina shi. Lakca ɗaya kenan ka haɗa musu dutse, tarihi, halitta da tattalin arziki, kuma ba ka fita daga jihar ba.

Yadda za ka jera makonnin

Ka fara karɓo manhajar kwas ɗin a hannun shugaban sashe ka karanta. Tun da NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta fito da sabuwar manhajar da ake kira CCMAS a ƙarshen 2022 tsarin shi ne kashi 70 daga sama yake zuwa, kashi 30 jami'a ke cikewa da abin da ya dace da yankinta, toh abin da anka rubuta dole ka taɓa shi, amma jerin da za ka bi da misalan da za ka kawo naka ne.

Hanya biyu ce malamai ke bi. Ta farko ita ce ta yawancin littattafan waje, a fara da sararin samaniya da cikin duniya da motsin farantan ƙasa, wato manyan ɓangarorin ɓawon duniya da ke tafiya a hankali, sannan a sauko kan ma'adinai da duwatsu. Masu wagga hanya suna da hujja mai ƙarfi, motsin farantan nan shi ne ke bayyana dalilin aman wuta da girgizar ƙasa da tsaunuka, in ɗalibi ya riƙe shi komai zai zauna masa a wurinsa. Ta biyu ita ce a fara da abin da ke hannu a tafi zuwa abin da ba a gani. Ni ta biyun nake bi kuma ita nake ba ka shawara, dalili kuwa yaron da bai taɓa ganin teku ba, bai taɓa jin ƙasa ta motsa ba, in ka buɗe masa da labarin abin da ke faruwa kilomita dubbai a cikin ƙasa haddacewa kawai zai yi ya juye maka ranar jarabawa. Amma in ya riga ya ga ɓawon teku a dutsen garinsu, shi da kansa zai tambaye ka to ina tekun ya tafi, a lokacin ne za ka kawo masanin Jamus Wegener da ra'ayinsa na 1912 cewa nahiyoyi suna tafiya, ka nuna musu yadda gaɓar Barazil ta dace da ta Afirka ta Yamma, ka ce musu kwarin Binuwai tsaga ce da ta buɗe lokacin da nahiyoyin biyu ke rabuwa.

Saboda haka ni ma'adinai nake sa wa gaba, sai duwatsun shimfiɗa da yadda rana da ruwa da iska ke cin dutse su kwashe su zube wani wuri, sai batun lokaci da burbushin halittu, sai duwatsun wuta da waɗanda zafi da matsi sunka sauya, sai farantan ƙasa a tsakiyar samista ta ɗaure su gaba ɗaya, ƙarshe ruwan ƙarƙashin ƙasa da arzikin ma'adinai da haɗurra. Kuma ka tsara abinka a kan mako 12 ko da kalanda ta ce 15, rajista da hutun sallah da abin da ba a rasa ba za su ci sauran.

Abin da za ka bari kuwa, ka bar zurfin ilimin siffofin kiristal da duban dutse ta madubin lab da dogayen jadawalin sinadarai, aji biyu na nan zuwa. Ma'adinai goma zuwa goma sha biyu da ɗalibi zai gane da idonsa da hannunsa sun fi hamsin da ya haddace sunansu.

Tara samfura ba tare da jiran kasafi ba

Ka rubuta takardar neman kayan aiki ka miƙa, wannan haƙƙin sashe ne kuma akwai TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, amma kar ka zauna jiranta. Marmara tana ko'ina. Yashi da tsakuwa da laka suna bakin gulbin Rima. Dutsen siminti ka nemi sashe ya rubuta wa kamfanin takarda a hukumance. Jifsom da ƙwallayen fosfet ana samunsu a lakar Dange, mutanen ƙauyukan wajen sun san inda suke fiye da mu. Giranayit kuwa duk inda ake zuba kankare za ka ga tsakuwarsa, ka roƙi mai aikin ya ba ka cikin kwano, a ciki za ka nuna ma'adinan da sunka haɗa shi, kwaz da felsfa da maika. Masu sayar da tayil suna da gutsattsarin mabul da giranayit da sunka fashe, sau da yawa kyauta za su ba ka, kuma bayan farin tayil ɗin da ba shi da sheƙi shi ne abin da za a goga ma'adini a ga launin ƙurarsa. Ka shiga kasuwa ka sayo kanwa da gishiri da farar wuta. Abin da babu shi a yankinmu irin su basal, baƙin dutsen aman wuta, ka yi wa abokan karatunka da ke Jos ko wajen Biu magana su sa maka a mota, kai kuma ka aika musu da namu mai burbushin teku, su ma nema suke. Taron shekara-shekara na ƙungiyar NMGS ta masana jiyoloji da haƙar ma'adinai wuri ne mai kyau na ƙulla irin wagga musaya, taswirar duwatsun Najeriya kuma hukumar binciken ƙasa ta NGSA ke da ita.

Kayan gwaji ma ba wani abin tsada ba ne. Ma'aunin taurin Mohs daga 1 zuwa 10 yake, farce yana wajen 2.5, gilashi da wuƙa wajen 5.5, toh da farce da ƙusa da gutsuren gilashi yaro zai raba jifsom mai 2 da kalsayit mai 3 da kwaz mai 7. Maganaɗisu ka ciro daga tsohuwar sifika. Asid ɗin gwada dutsen siminti ka je sashen kemistiri su sirka maka haidirokilorik mai rauni a 'yan kwalabe masu ɗigo, kuma ya zauna a hannunka ko na mataimakinka. Kar ka yarda wani ya kawo ruwan batir, wani asid ne daban kuma yana ƙuna. Abu ɗaya da zan ce a kashe wa kuɗi shi ne ɗan madubin hannu mai ƙara girma sau 10, ko guda ashirin ne a samu.

Akwai aikin da nake ba su tun makon farko, duk wanda zai je gida ko yake da mai zuwa, ya kawo dutse ɗaya daga garinsu girman dunƙulen hannu, ya rubuta sunan wurin, a gindin tudu ya ɗauka ko a rafi ko daga ƙasar rijiya. Ajinku akwai 'yan Zuru da Yawuri da Gusau da Kwantagora da ma kudu, kafin tsakiyar samista za ka ga lab ya cika, kuma kowa na son ya ji mi za a ce game da dutsen garinsu.

Su 300 ɗin fa

Lakca a babban ɗaki ba matsala, firaktikal ne ba ya yiwuwa a haka. Ka raba su rukuni-rukuni na mutum 30 zuwa 40, kowane rukuni a sake raba shi tebur-tebur, kowane tebur da tire ɗaya na samfura masu lamba. Kai kaɗai ba za ka iya ba, ka nemi masu kula da lab da ɗaliban digiri na biyu, har 'yan aji huɗu masu ƙoƙari, ka zauna da su kafin kowane zama ku bi samfuran tare don kar wani ya koyar da kuskure. Ko a babbar lakca ma ka riƙa shiga da dutse biyu uku a aljihu kana miƙawa layi-layi yana zagayawa. Furojekta in akwai wuta alhamdu lillahi, Google Earth na nuna kwarin Rima da tudun Dange tsaf, amma ka sauke hotunan tun a gida kuma ka shirya kowane darasi yadda in wuta ta ɗauke alli ko alƙalamin allo zai ƙarasa shi. In ka ga fuskoki sun yi shiru ka maimaita bayanin da Hausa na minti ɗaya ka koma Turanci, sai dai ka tuna akwai waɗanda ba sa jin Hausa, kar su ji an ware su. Handawut kuma ka tura kyauta a guruf ɗin WhatsApp na aji, kar ka sayar, mutuncinka ya fi kuɗin.

Tambayar da za ta zo maka ko ka so ko ba ka so ba

Ranar da ka ce shekarun duniya kimanin biliyan 4.5 ne, wani zai ɗaga hannu ya ce Malam wannan bai saɓa wa addini ba? Yaron nan ba fitina yake nema ba, tsakaninsa da Allah yake tambaya, kuma yadda ka amsa masa zai sa ya buɗe zuciyarsa ga fannin ko ya rufe har ya gama. Kar ka yi masa dariya kuma kar ka mayar da lakca wajen fatawa, kai ba ita anka ɗauke ka yi ba. Abin da nake yi shi ne in nuna musu yadda anka auna, cewa akwai sinadarai irin su yuraniyom da ke rikiɗa zuwa dalma a kan ƙa'idar da ba ta canzawa, ana auna nawa ya rage nawa ya rikiɗa a fitar da shekaru, kuma ɗakunan bincike daban-daban a ƙasashe daban-daban suna samun amsa ɗaya. Ina tuna musu aya ta 20 a Suratul Ankabut da ta yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda Allah ya fara halitta, ina kuma gaya musu cewa Ibn Sina ya yi rubutu a kan yadda duwatsu da tsaunuka ke samuwa, Albiruni kuma ya dubi ƙasar kwarin Indiya ya ce da can teku ce da koguna sunka cike da laka, kusan shekara dubu kenan. Abin da ya wuce nan na tafsiri sai in ce su kai wa malaman da sunka san fannin.

Don su ji nauyin lokacin a jikinsu, ka samo igiya mai tsawon mita 45 ka fita da su fili, kowace mita ɗaya shekara miliyan 100. Giranayit ɗin Zamfara zai faɗo wajen mita 6 daga ƙarshe, tekun Kalambaina wajen santimita 60 kacal, jihadin Shehu na 1804 kuwa ko kaurin silin gashi bai kai ba, don silin gashi ɗaya a wagga igiya dubban shekaru ne.

Batun fita fili

A nan ne ban yarda da waɗanda sunka ce maka ka cire rai ba. Gaskiya ne wuraren da malamanmu sunka riƙa kai ɗalibai a gabashin jihar da cikin Zamfara yanzu ba a wasa da su, kuma babu dutsen da ya kai ran ɗan mutum, in hukumar makaranta ko jami'an tsaro sunka ce kar a je wuri to magana ta ƙare. Amma 'yan aji ɗaya ba sa buƙatar tafiyar kwana. Abin da suke buƙata su tsaya gaban gaɓar da ƙasa ta yanke su ga shimfiɗa a kan shimfiɗa, su zana, su auna kauri, su rubuta launi da girman ƙwayar yashi, su gane cewa ta ƙasa ta riga ta sama. Wannan ana samunsa a ramin da anka ɗebi marmarar hanya, a gefen kwazazzabo, a inda titi ya yanke tudu, a bakin gulbi wajen Kwalkwalawa inda za ka nuna musu yadda ruwa ke cin gaɓa ɗaya yana zuba yashi a ɗayar, ka tuna musu ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar wajen. Gani ya kori ji, awa uku a irin wanga wuri ya fi lakca biyar.

Ka je kai kaɗai tukuna ka duba wurin, ka gaida hakimi ko mai unguwa ka gaya masa abin da zai kawo ku, ka samu izinin sashe a rubuce. Ku fita da sassafe ku dawo kafin rana ta take, a watannin Maris zuwa Mayu zafin nan na haura digiri 40, in azumi ne kuma ka ɗage. Rukuni-rukuni za ka kai su ba duka a rana ɗaya ba. Ruwan sha, takalmi rufaffe, hula, kuma kar kowa ya tsaya ƙarƙashin gaɓar da ta rataya. Ɗalibai mata ka tabbatar akwai malama ko ma'aikaciya a tafiyar, ka sanar da lokacin dawowa tun da wuri saboda masu aure da waɗanda ke zuwa daga gida, hijabi ba ya hana aikin fili ko kaɗan, kuma sau da yawa littafin filinsu ya fi na maza tsabta da lura.

Wata hanyar da ba ta cin ko sisi ita ce mahaƙa rijiya da masu injin bohol. Mutumin da ya shekara ashirin yana haƙa rijiya a Wamakko ko Bodinga ya san jerin ƙasar wajen, ya san inda za a ci karo da farin dutse da inda laka mai santsi take da inda ruwa ke fitowa. Ka tura ɗalibai su zauna da irinsu da ladabi su rubuta jerin daga sama zuwa ƙasa da gaba nawa nawa, su dawo aji a kwatanta da abin da ke littafi. Sharaɗi ɗaya, babu mai shiga rijiya.

Kar ka rufe kwas ɗin ba ka yi musu darasin Zamfara na 2010 ba. Dutsen zinaren da mutanen ƙauyuka irin su Bagega da Dareta sunka riƙa kawowa gida suna daka shi suna niƙawa yana ɗauke da dalma mai yawa, ƙurar ta bi tsakar gida da abinci, yara sama da 400 sunka rasu kafin a shawo kan abin, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne sunka fara gano shi. Ina kawo musu galina, ma'adinin dalmar, a cikin kwalba rufaffiya su ga ƙyallinsa, in gaya musu wani kwallin gargajiya da ake sa wa jarirai ma daga gare shi ake yi. A ajinka akwai waɗanda 'yan uwansu ke haƙar zinare yanzu haka, abin da sunka ji a wanga darasi zai isa gidajen da ni da kai ba za mu taɓa zuwa ba. Haka batun ruwa, su san dalilin da ya sa yashin Gwandu ke ba da ruwa mai yawa har a wasu wuraren ya taso da kansa, alhali a kan tsohon dutsen gindi sai an dace da tsaga ko inda dutsen ya ruɓe, su kuma san haɗarin haƙa masai kusa da rijiya.

Jarabawa

Abin da ka auna shi za su karanta. In tambayoyinka duka "kawo ma'anar kaza" ne to hadda za ka samu. Makin CA ɗin nan, wato na gwaje-gwajen cikin samista, 30 ne ko 40 gwargwadon dokar makarantarku, ka ba gwajin gane samfura kaso mai tsoka, a jera duwatsu a tebura kowane ɗalibi ya yi minti ɗaya ko biyu a kan kowanne ya rubuta sunansa da hujjarsa, hujjar ta fi sunan maki. Littafin fili ma a ba shi maki, ka karɓa a wurin kafin a hau mota don kar a koma hostel a kwafe. Aikin gida na dutsen garinsu da na mahaƙa rijiya yana da wani amfanin, ba a samun amsarsa a intanet. A babbar jarabawa ko da yawansu ya tilasta maka tambayoyin zaɓi, ka sa aƙalla zane ɗaya na shimfiɗu da tsaga ka ce su jera abin da ya faru daga farko zuwa ƙarshe.

Duk abin da na faɗa maka daga aikina ne a wanga kwari namu na duwatsun shimfiɗa, wanda ke koyarwa a Zariya ko Jos inda giranayit ke bakin ƙofa zai iya juya jerin ya fara da duwatsun wuta kuma ya yi daidai. Dokokin raba maki da na fita da ɗalibai sun bambanta daga makaranta zuwa makaranta, hukuncin tsaro kuma na masu alhakinsa ne, yana canzawa daga wata zuwa wata, saboda haka ka tambaya a sashenku kafin ka sa rana. Ka kuma nemi wanda ya riƙe kwas ɗin kafin kai ka zauna da shi, ka roƙi tsofaffin takardun tambayoyinsa, ka tambaye shi wane rami ko gaɓa yake kai ɗalibai a kusa. In ka tsara jadawalin makonninka ka turo min in duba maka kafin a koma karatu.